Oba-obar Ƙarƙashin Gado

Maigidana mutum ne mai son motar kashe gobara. Na daɗe ban iya faɗin wannan magana a gaban mutane ba. Ba ya shan sigari, ba ya zaman majalisa, ko ƙwallo ba ya kallo. Abin da Allah ya jarabce shi da shi ke nan: in ya ji jiniyar 'yan kwana-kwana, ko tuwo yake ci, sai hannunsa ya tsaya a cikin kwano har sai ƙarar ta ɓace.

A shekarun da nake magana a kai muna zaune a Riyad, a unguwar Ulaisha, cikin wani tsohon bene da yawancin mazaunansa baƙi ne irinmu. Shi direba ne. Yana jan dina, ƙaramar motar ɗaukar kaya, ta wani siton kayan ɗaki da ke Sulay, can inda situna da garejoji da ɗakunan leburori suke. Kafilinsa, wato Balaraben da iƙamarmu, takardar izinin zama, ke ƙarƙashin sunansa, ya yarda da shi har yakan bar masa motar ta kwana a wurinmu. Ni kuma ina gida da yara, ina ɗan tuya masa ranar Juma'a ina aika wa masu so.

Son motocin nan daga gida ya zo da shi. Gidan mahaifinsa a bayan ofishin 'yan kwana-kwana yake a garinmu, ya ce tun yana ƙarami yakan hau katanga ya zuba ido in suna wanke motar. Da muka yi aure na ɗauka labarin yarinta ne kawai. Sai da na biyo shi ƙasar nan na ga abin bai tsufa ba ko da shi ya fara furfura. A gida motar ja ce, a nan kuwa ruwan ɗorawa, Larabawa suna ce musu maɗafi. Wannan bambancin launi kaɗai ya isa ya yi mini bayaninsa tun daga cin abinci har wanke hannu.

Yana da 'yar kyamara da yake ajiyewa a aljihun motar. Ba a yarda a riƙa ɗaukar hoton kayan hukuma ba, ya sani sarai, don haka ba ya fitowa fili. Daga cikin dina yake ɗauka, ya ɗan sauke gilashi, ya ɗauka, ya mayar. Akwai wani mai wankin hoto a unguwar Baɗha da ba ya yawan tambaya, can yake kai su. Hotunan a cikin kwalin dabino yake tara su. In ya samu sabo sai ya kira ni.

"Zo ki gani. Wannan tankin ruwa ce kawai. Wannan kuwa kumfa take fesawa, ta gobarar mai ce. Dubi ƙofofin gefenta."

"To, Malam. Allah dai ya tsare mu da ganinsu a ƙofarmu."

"Amin. Amma dubi ƙofofin."

Sai in duba. Ban taɓa yi masa musu ba, ban kuma taɓa faɗa wa kowa ba. Ko a waya da 'yan'uwana, in an tambaye ni me yake yi ranar hutu, sai in ce hutawa yake. Da wane baki zan ce uban 'ya'yana, mai gemu, yana bin motar kwana-kwana a titi kamar yaran unguwa?

Wata rana ya dawo daga haraj, kasuwar kayan gwanjo, da wani abu a ƙunshe cikin leda. Baƙi ne, bai fi sandar sabulun wanki ba, da ɗan gajeren eriya a kansa. Da na gani sai na ja da baya.

"Malam, wannan ai oba-oba ce, irin ta 'yan sanda."

"Ba oba-oba ba ce," in ji shi, yana murmushi. "Oba-oba a yi magana ne a amsa. Wannan kunne ce kawai, ba ta da baki. Ji take yi."

Ya murɗa wani abu, ta yi ta shuuu kamar ana tankaɗe, can sai muryar wani Balarabe ta faso, gajeriyar magana, ta ɗauke. Ya ce 'yan maɗafi ne suke magana da ofishinsu. Larabcinsa na titi ne, amma yana gane sunan unguwa da irin motar da aka kira. Na tambaye shi ko an yarda mutum ya riƙe irin wannan. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ce in samo masa tsohon zane. A ciki muka naɗe ta muka tura ƙarƙashin gado. Yara kuwa aka ce musu rediyo ce da ta lalace. Daga nan duk Juma'a in an sauko daga masallaci an ci abinci, sai ya rufe ƙofar ɗaki, ya rage murya, ya kwanta da ita a kan ƙirji.

Ƙofarmu tana kallon ƙofar wata 'yar Maraɗi, mijinta tela ne. Na girme ta, Yaya take ce mini. Turmi ɗaya muke daka da ita. Lokacin da na haifi autata ita ta riƙa dama mini kunu, ita ta riƙa yi wa manyan yaran wanka. Tana da ƙane a Sulay, saurayi mai yawan dariya, wanda ya rabu da kafilinsa saboda rigimar albashi, iƙamarsa ta mutu, yana ta buga-buga a situna. Duk Juma'a yakan zo ya ci abinci wurin yayarsa, ya leƙo ya ce, "Yaya babba, ina masata?" Zamansa ba takarda ba wani sirri ba ne a tsakaninmu. A benen nan kowa ya san na kowa, kowa kuma ya rufe bakinsa.

Ranar da abin ya fara lalacewa ba wata babbar rana ba ce. Maigidan ya fita da sauri ya manta bai kashe na'urar ba, ya dai naɗe ta ya tura. Maƙwabciyata ta shigo aron rariya, muka zauna a bakin gado muna hira. Muna cikin magana sai murya ta faso daga ƙarƙashinmu, namiji, da Larabci, da irin kaushin nan na masu ba da umarni. Ta zabura har rariyar ta faɗi.

"Yaya, mi ne ne wannan?"

"Rediyon Malam ce. Ta lalace, haka take yi."

Ta sunkuya don ɗaukar rariyar. Na ga idonta ya tsaya a kan eriyar da ta leƙo daga cikin zanen. Ta ɗago ta dube ni, ni kuma na shiga tambayarta farashin tumatir a baƙala, kantin kayan masarufi na unguwa. A raina ba tsoro nake ji ba, kunya ce. Abin da nake gudu kawai kada ta ce me yake yi da ita, in rasa amsar da ba za ta sa a yi mana dariya ba. Ba ta tambaya ba. Ta ɗauki rariyarta ta fita.

Bayan haka da 'yan makonni, cikin tsakiyar zafi, irin wanda ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, wata Juma'a na ga maigidan ya fito daga ɗaki yana neman makullin mota.

"Sulay ne," ya ce. "Sun kira motoci da yawa."

"Malam, dubi rana fa."

"Yanzu zan dawo."

Ya dawo gab da magariba, rigarsa tana warin hayaƙi, fuskarsa kuwa kamar an yi masa albishir. Ya ce na'urar sanyaya ɗaki ce ta yi tartsatsi a wasu ɗakunan leburori bayan wani sito, ba a rasa rai ba, alhamdulillahi. Sannan ya rage murya ya ce, "Yau na ga motar nan mai tsani, tsanin a miƙe. Tun da na zo ƙasar nan ban taɓa ganinsa a miƙe ba." Na ce madalla, na zuba masa ruwan alwala.

Da safe kukan maƙwabciyata ne ya fito da ni. Ashe ɗakunan da suka ƙone na mutanen Maraɗi ne. Da wuta ta tashi kowa ya fito da abin da ke jikinsa, suka tsaya a bakin titi suna kallon kayansu suna ci. Suna nan tsaye dauriyya, motar 'yan sandan sintiri, ta iso. Bayan an tare hanya sai aka ce kowa ya fito da iƙama. Wasu tasu ta ƙone a ciki, waɗannan daga baya kafilansu sun je sun karɓo su. Wasu kuwa dama babu. Aka kwashe su zuwa tarhil, inda ake tsare mutum kafin a mayar da shi ƙasarsa. Ƙanenta, wanda ranar bai zo cin abinci ba, yana ciki, daga shi sai singileti da silifa.

Na yi mata kuka tare da sauran mata, ban san akwai sauran labari ba. Waɗanda suka tsira sun ga dinar maigidana a tsallaken titi tun kafin 'yan sanda su zo. Sun ga gilashi a sauke, sun ga kyamara. Da wannan magana ta iso benenmu, ta tarar da wata tana jiranta a bakin maƙwabciyata.

Washegari na dafa shinkafa na ɗauka na shiga yi mata jaje yadda ya kamata. Tana zaune a ƙasa, wasu mata biyu a gefenta. Na yi sallama, su biyun suka amsa ciki-ciki.

"Ya muka ji da wannan abu? Allah ya fito da shi lafiya, ya mayar da alheri."

Ba ta ɗago ba.

"An samu labarinsa kuwa?" na sake tambaya.

"Ni za ki tambaya labari, Yaya?" ta ce. "Ki tambayi oba-obar ƙarƙashin gadonki mana. Ita ta san komi."

Na tsaya da kwano a hannu. Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Ke dai yi haƙuri," amma ba ni take ba haƙurin ba. Na ajiye kwanon a bakin ƙofa na fita. Kafin azahar 'yarta ta dawo mini da shi a rufe, ko cokali ba a sa ba.

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san oba-oba ba kayan talaka ba ce. In ka ga mutum da ita, kuma ba kaki a jikinsa, to ɗan sandan ciki ne ko mai kai musu rahoto. Ba wanda zai tsaya tambayar ko tana da baki ko ba ta da shi. Cikin 'yan kwanaki maganar ta gama Ulaisha, ta je Sulay ta dawo da ƙari. Aka tuna an taɓa ganinsa a wata gobara a unguwar Murabba. Aka tuna ba ya zaman majalisa. Aka ce dama ta yaya direban dina zai samu izinin ajiye iyali in ba da wani abu a ƙasa ba.

Juma'ar da ta biyo na tuya masa kamar kullum, ba wanda ya aiko. A baƙala in na shiga layin da mata suke sai hira ta mutu, a koma duba kwanan watan madara. Yarana suka daina samun abokan wasa a matakala. Shi kuma ya dawo daga masallaci wata rana ya zauna yana cire safa, ya ce, "Yau na miƙa wa mutum hannu, sai ya shiga gyaran hula." Ya faɗa kamar abin mamaki ne kawai. Bai san komai ba. Mutum ne da in ba a faɗa masa magana ƙarara ba, ba ya tsintarta a iska.

Wanda bai zauna a ƙasar wani ba zai ce to, sai me, ku rufe ƙofarku mana. A can mutanenka su ne komai naka. In naƙuda ta kama mace mijinta yana kan hanya, su ne. In ka mutu su za su bi takardu, su wanke ka, su tsaya a kanka. Na riƙa kallon yarana ina tunanin in wani abu ya same mu yau, wa zan ƙwanƙwasa wa ƙofa.

Na yi kwanaki ina juya yadda zan faɗa masa. Ni ba mai doguwar magana ba ce da shi, kuma kalmar tana da nauyi a baki. Rannan bayan ya ci abincin rana, yara suna makaranta, na zauna nesa kaɗan da shi.

"Malam, ka san abin da ake faɗa a kanka?"

"A kaina? Me na yi?"

"Cewa ake kai ka kira wa mutanen Sulay dauriyya. Wai aikinka ke nan. An ga na'urarka, an kuma gan ka a wurin."

Ya dube ni kamar da wani yare na yi magana. "Ni? Ni ne ɗan rahoto?"

Na sunkuyar da kai.

"Ki bar su," ya ce daga baya. "Allah ya sani."

"Allah ya sani, Malam. Amma da mutane muke zaune. Ka bar ni in je wurin Baba, ya zo ya gani da idonsa."

Baba wani dattijo ne ɗan Damagaram mai sayar da turare a Murabba. Ya fi kowa daɗewa a garin, duk rigimar da ta tashi tsakanin mutanenmu, 'yan Najeriya da 'yan Nijar, gabansa ake kai ta.

"Ya ga me?" in ji maigidan. "Kwalin? In na buɗe musu kwalin nan, me za su ɗauke ni?"

A nan na gane ashe shi ma yana jin kunyar abin. Duk shekarun nan na ɗauka ni kaɗai ke ɗauke da ita.

"Duk abin da suka ɗauke ka," na ce, "ya fi wannan sauƙi."

Bai hana ni ba.

Baba ya zo bayan la'asar, tare da tela mijin maƙwabciyata. Ita ma ta biyo su, ba wanda ya kira ta, ta zauna a bakin ƙofa ta ciki, ni ina ɗaya gefen. Na kawo shayi, Baba kaɗai ya ɗauka. Maigidan ya durƙusa ya jawo ƙunshin daga ƙarƙashin gado, ya warware tsohon zanena a gaban baƙi, ya miƙa wa Baba da hannu biyu.

Baba ya juya ta gaba da baya. "To, ina wurin latsawa in za a yi magana?"

"Babu, Baba. Ji kawai take yi."

"Kunna."

Ya kunna. Shuuu. Baba ya kai ta bakinsa, ya gyara murya. "Alo? Ya hukuma? Oba. Oba-oba." Ya mayar kunne. Shuuu. Ya sake cewa, "Ga tsoho nan a Ulaisha, ku taho ku kama shi. Oba." Tela ya kau da kai yana danne dariya. Ya karɓa shi ma ya duba ko'ina, ya latsa duk abin da ke latsuwa, ya ce lallai ba ramin magana a jikinta.

"To kai kuma," in ji Baba, "mi kake saurare a ciki?"

Maigidan ya jawo kwalin dabino ya buɗe. Baba ya ɗebi hotuna ya fara dubawa ɗaya bayan ɗaya, yana nisanta su da idonsa.

"Mota. Mota. Wata motar. Taya. Wannan kuma hwa?"

"Bakin tiyo ne, Baba, inda ake ɗaura shi a jikin motar."

"Bakin tiyo." Baba ya dubi tela. "Ina mutanen? Ba hoton mutane kake ɗauka kana kai musu ba?"

"Ba na ɗaukar mutane."

"Su nawa suke ba ka?"

"Ba wanda ke ba ni komai. Ni nake biyan mai wankin."

Da ya tsaya a nan da ya fi. Amma Baba ya ɗago wani hoto ya ce wannan ai iri ɗaya ce da ta ɗazu, sai na ga maigidana ya matso. Ya ce a'a, Baba, ba ɗaya ba ne, waccan ruwa take ɗauka, wannan ta ceto ce, dubi fitilun samanta, dubi inda almakashin yanka ƙarfe yake. Muryarsa ta canza, ta koma irin wadda yake kirana da ita in ya samu sabon hoto. Ya manta dalilin zaman. Yana nuni da yatsa, yana bayani, dattijo da tela sun saki baki suna kallonsa. Ni kuwa na ja mayafi na rufe rabin fuskata, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baba ya fara dariya, irin ta cikin ciki, har shayinsa yana zuba. "La ilaha illallahu. Yaro ne ashe. Yaro ne da gemu."

Na ji wani sanyi a raina duk da kunyar. Na ce shi ke nan, an wanke shi.

Sai maƙwabciyata ta yi magana, karo na farko tun shigowarta. "Ina na ranar Juma'ar?"

Maigidan ya zaro su daga gefen kwalin. Mijinta ya miƙa mata. Hotuna ne masu kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Motar a tsaye, tsaninta ya miƙe har ya wuce rufin sito, hayaƙi baƙi a bayansa. Ta daɗe a kan guda ɗaya. Daga inda nake ina hango abin da take kallo. A can ƙasan hoton, a kusurwa, ga mutane ƙanana a jere jikin katanga. Na ƙarshensu hoton ya yanke shi, rabin jiki ne kawai da farar singileti.

"Malam," ta ce, ba ta ɗaga murya ba, "abin nan naka, shina hwaɗin in dauriyya za ta zo?"

"In gobara ce, suna kiran dauriyya ta tare hanya. Kullum haka suke yi."

"Ranar ka ji sun kira?"

"Na ji."

"Kuma ka riga su isa."

"Na riga su."

"Ka san mutanenmu ne a wurin. Ka san yaron nan, a gidanka yake cin masa. Ka sauko ka ce musu, ku da ba ku da takarda ku watse?"

Na roƙi Allah a raina ya ce bai gane su ba, ko ya ce hayaƙi ya tare shi. Maigidana ba ya ƙarya, ko wadda za ta cece shi.

"Ban sauko ba," ya ce. "Ban kawo a raina ba. Lokacin ake miƙa tsanin."

Ta ajiye hoton a kan tabarma, a hankali, ta miƙe.

"Da ɗan rahoto ne kai," ta ce, "sai in ce cikinka ka yi wa."

Ta fita. Mijinta ya ɗan zauna don kada a ce ya bi ta, sannan shi ma ya yi sallama. Baba ya daina dariya tuni. Ya shanye sauran shayinsa, ya ce zai faɗa wa jama'a abin da ya gani, ba ƙari ba ragi. Ya nuna na'urar da haɓa ya ce wannan kuma kada ta sake kwana a benen nan, don in aka same ta ba mai ita kaɗai za a ɗauka ba. Maigidan ya ce to. A daren ya fita da ita, da ya dawo ya ce mini ya farfasa ta ya zuba a kwandon shara a Sulay. Kwalin ya mayar ƙarƙashin gado. Ban sake ganin ya jawo shi ba, ni ma in ina shara sai in zagaye shi.

Baba ya cika alkawari. Sai dai shi mai ba da labari ne, kuma labarin yana da daɗin bayarwa. A majalisar bayan Juma'a ya kwaikwayi yadda ya kira hukuma, ya kwaikwayi maigidana yana nuna bakin tiyo, aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Tambayar maƙwabciyata ma ya faɗa, amma ba ita mutane suka ɗauka suka tafi da ita gida ba. Cikin mako guda aka dawo ba shi hannu a masallaci. Aka kuma sa masa suna, Kwana-kwana. In ya shigo layi da dina sai matasa su kama wiii-wiii da baki, manya su ce, "Alhaji Kwana-kwana, yau ina ta kama?" Ya ɗaga musu hannu ya wuce. Masu sayen masa suka dawo. Yarana suka koma wasa a matakala, har da sabon wasan motar kashe gobara, wanda ban san ko sun gane da wa ake ba.

Ƙanen maƙwabciyata ya yi 'yan watanni a tarhil kafin a sa shi a jirgi. Maigidan ya haɗa masa riguna da takalmi ya bayar ta hannun Baba, bai ce a faɗi daga inda suka fito ba. Ita kuwa in mun haɗu a matakala na gaishe ta tana amsawa, lafiya lau, ya yara, shi ke nan. Ta sayi turminta.

Taron farko da aka gayyace ni bayan wannan, suna ne a gidan wata 'yar Kano a Murabba. Na yi ta jan ƙafa, maigidan ya ce in shirya shi zai kai ni ya jira ni. Na shiga falo cike da mata, na yi sallama, wannan karon aka amsa da ƙarfi, aka matsa mini wuri a kan kafet. Ban gama zama ba uwar mai jego, wata Hajiya mai barkwanci, ta ɗago murya daga can ƙurya.

"A'a, matar Kwana-kwana! Ku ɓoye ashana, jama'a, kada a kira mana shi da kyamara!"

Falon ya ɗauka. Wata ta ce ai in girkinki ya kama ba sai kin kira maɗafi ba, hoto za a yi masa. Wata ta kama wiii-wiii tana juya hannu a sama. Duk idanu suna kaina, ana jira a ga yadda zan ɗauka. Na san in na ɗaure fuska, wurin da aka matsa mini zai iya rufewa. Sai na yi dariya. Har na ƙara da cewa, "Ku dai bari, ni da nake fama." Aka sake fashewa, wata ta dafa kafaɗata, aka turo mini faranti.

Maƙwabciyata tana zaune jikin bango da jaririn a hannunta. Ita kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta dube ni sau ɗaya, ta mayar da ido kan jaririn. Abincin nan ban san yadda na haɗiye shi ba.

Da na fito yana cikin dina a inuwar wani shago, ya kwantar da kujera. Ya tashi ya buɗe mini ƙofa daga ciki.

"An yi taro lafiya?"

"Lafiya lau."

Ya ɗora hannu a kan makulli. "Sun karɓe ki?"

"Sun karɓe ni, Malam."

"To, alhamdulillahi," ya ce, ya tayar da mota.